Gobe Zan Ƙarasa

Jakar kayan aikin ce ta fara fita, kafin mai ita.

Yaya ya wurga ta harabar gida, bakinta ya buɗe, filaya da sukundireba da wani naɗin shuɗiyar waya suka watse a kan siminti. Auta na tsaye a tsakiyar matakalar bene, ta riƙe ƙarfen gefe. Ta kasa sauka, ta kasa komawa sama.

"Kwashi tarkacenka ka bar mana gida."

"Yaya, ka bari in faɗi magana ɗaya..."

"Ni ba yayanka ba ne."

Injiniya, mai jakar, bai ko kalli kayansa ba. Ta ƙofar falo da ke buɗe ya ɗaga kai ya nemi idon Auta.

"Ki kashe tsohuwar kwamfutar," ya ce. "Ki zare wayarta daga bango. Kada a kunna ta, kada a sa mata komai. Abin da aka goge yana nan kwance a cikinta muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Kin ji ni?"

"Ku ji mini mutum," in ji Gwaggo daga ƙofar kicin. "Ga mari ga tsinka jaka. Ya yi ɓarna, kuma shi ne mai ba da umarni."

Manaja, aminin Yaya, na jingine da motarsa, ƙamshin turarensa ya cika harabar. Ya dafa kafaɗar Yaya a hankali.

"Ƙyale shi ya tafi, abokina. Ba girmanka ba ne."

Injiniya ya durƙusa ya tattara abin da hannunsa ya kai gare shi. Da ya isa ƙofar gida ya waiwayo.

Auta ta bi shi da ido.

Ya fita.

Abin da ya ɓace a gidan ranar ba zinariya ba ce. Muryar Umma ce.

A shekararta ta ƙarshe, da ta fahimci inda ciwon ya dosa, Umma ta riƙa hawa ɗakin karatu na sama tana zama gaban tsohuwar kwamfutar Baba tana magana. Labaran da ta ba su suna yara. Yadda ake lallashin Yaya in ya hau dokin zuciya. Ƙorafinta a kan Baba, da ba ya ƙarewa, da kuma dariyar da ke biyo bayan kowane ƙorafi. Bayan rasuwarta, kullum da safe Baba kan hau ya rufe ƙofa, ya saurari matarsa tana masa faɗa, ya sauko fuska a sake.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da harshe. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana koyarwa a gaban aji ya koma sai dai gurnani. Aka sauko masa da gado ɗakin da ke kusa da falo. Yaya ya sayo masa wata siririyar kwamfuta fara, mai tsada, Baba na danna mata haruffa da yatsa ɗaya na hagu in yana son wani abu.

Abu na farko da ya rubuta shi ne: "Ummanku."

Auta ta ce a sauko da tsohuwar kwamfutar. Ya rubuta: "Inda Ummanku ta bar ta." Ta ce to a kwafe a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi bayanai. Ramukan filas na tsohuwar sun daɗe da mutuwa. Ta gwada ta tata baƙar kwamfutar, wadda take gyaran rubutun littattafan makaranta a kanta daga gida, amma ko alamar sauran biyun ba ta gani. Kowacce da irin tsarin da ke tafiyar da ita. Kwamfuta uku a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba mai gaida wata, kamar 'yan'uwan da suka fito daga rabon gado.

Manaja ya ce maganin mai sauƙi ne: a zubar da su duka, a sayo uku iri ɗaya.

"Yawwa, ɗan albarka," in ji Gwaggo, ƙanwar Baba, tana satar kallon Auta. "Ƙwarya ta bi ƙwarya. In ta bi akushi, sai ta fashe."

Ba kwamfuta take nufi ba, kuma kowa ya sani. Gidan su Manaja irin gidansu ne, karatunsa irin na Yaya, har motocinsu launi ɗaya. Karin maganar dai tsohuwa ce, ana kuma girmama ta saboda tsufa, kamar yadda ake girmama wasu mutane da ba su taɓa faɗin gaskiya ba. Ita kanta Gwaggo ƙwarya ta bi, sak irinta, ga ta nan a ɗakin baya na gidan wanta da akwatunanta.

Wata abokiyar aikin Auta ce ta turo Injiniya. Dogo ne, takalminsa ya sha ƙura, yana da wata ɗabi'a ta kunna na'ura ya zauna shiru yana sauraren ƙararta kafin ya taɓa komai.

"Ba sai sun zama iri ɗaya ba," ya ce. "Su dai yarda da wuri ɗaya da za su riƙa haɗuwa."

Ya ja waya daga ɗakin sama, ta bi gefen matakala har akwatin intanet da ke falo. Nan aka gano farar ta ƙi kula tsohuwar, wai salon maganarta ya tsufa, ba ta amince da shi ba.

"Girman kai ne da ita," in ji Auta.

"Tsoro ne. Daga nesa kamarsu ɗaya." Ya jawo baƙar kwamfutarta. "Taki tana jin yaren kowa. Ita za ta tsaya a tsakiya, ta karɓo daga sama ta miƙa wa Baba."

"Ko a nan ma ni ce 'yar aike?"

"Ranki ya daɗe, a nan ke ce gada."

Ta yi dariya, ta ji muryar dariyar baƙuwa a kunnenta. Rabonta da ita tun kafin Baba ya kwanta.

Ranar da abin ya kama, Injiniya ya fara kwafo wani ɗan guntun sauti zuwa kan farar don ya gwada lasifika. Muryar Umma na fitowa, Baba ya rufe ido, hawaye ya gangara ta gefen da ba ya motsi. Sannan Injiniya ya buɗe masa babbar foldar da muryar Umma ke ciki gaba ɗaya, kai tsaye daga sama, aka manta da ɗan guntun.

"Saura abu biyu," ya ce wa Auta a bakin matakala. "In kwafe duka a wani faifai na daban a ajiye. Sannan in kulle foldar, yadda za a iya saurare daga ƙasa amma ba a iya gogewa. Yanzu a buɗe take, na bar ta haka don gwaji."

"Zai ɗau lokaci?"

"Yini ɗaya." Ya dubi agogonsa, ya dubi fuskarta. "Yau rana ta yi nisa. Gobe zan ƙarasa."

Goben ta zo, ya zo. Ta kai masa shayi sama. Suka yi maganar mahaifinsa mai gyaran agogo, da littafin lissafin da take gyarawa wanda marubucinsa bai iya lissafi ba. Faifan bai fito daga jaka ba.

Gobe ta sake zuwa.

Wata rana da ya yi kamar zai fara da gaske, Auta ta sauka ta zare shuɗiyar wayar daga bayan akwatin intanet, ta dawo ta ce masa abin ya ɗauke. Ya sauka, ya duba, ya mayar da wayar, ya hawo yana goge hannu.

"Ɓera ne," ya ce.

"Ɓera?"

"Babba. Har da lalle a yatsunsa."

Ta rufe fuska da gyale. Shi ma bai ciro faifan ba.

"In na gama," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "da wane dalili zan ƙara ƙwanƙwasa ƙofar nan? Yayanki ko gaisuwata da hanci yake amsawa."

"To kada ka gama."

"Ki sake faɗa, hasken idona."

"Na ce... gobe ma rana ce."

Ana cewa soyayya makanta ce. Ba haka ba ne. Su biyun suna ganin ƙofar a buɗe, kullum suna wucewa ta gabanta, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ce a rufe.

Sai ranar da Auta ta fita karɓo maganin Baba. Ta dawo ta tarar da shi yana dukan katifa da hannun hagu, idanunsa jajur. Ta duba farar kwamfutar. Foldar na nan, cikinta wayam. Ta haura sama da gudu. Can ma wayam, ko a kwandon sharar kwamfutar babu. Ta kira Injiniya tana kuka, ya iso daidai da isowar Yaya da Manaja. Yaya ya yi tambaya ɗaya: "Ka kwafe?" Injiniya ya ce a'a. Daga nan jaka ta tashi sama.

Bayan tafiyarsa Auta ta hau ta zare wayar tsohuwar kwamfutar daga bango, ta kulle ɗakin, ta rataya mabuɗin a wuyanta.

Da ta sauko, Gwaggo ta riga ta ɗauke farar daga gefen gadon Baba.

"Kada ya riƙa ganin wurin babu komai jininsa ya hau," ta ce. "Mara lafiya ba a tayar masa da hankali. A ce masa ana gyara."

Auta ta yarda. Ba don ta gamsu ba, sai don ba ta son ganin abin da yatsan nan zai rubuta mata. Ta durƙusa ta ce, "Baba, 'yar matsala ce, ana gyarawa." Ya kafe ta da ido, ya yi gurnani, ya nuna teburin da babu komai a kai. Gwaggo ta ce ciwo ne ya motsa, a ba shi magani ya yi barci.

Aka ba shi.

Kullum Manaja kan zo gaisuwa da ledar 'ya'yan itace. Yana shiga Baba ke juya fuska bango, numfashinsa na fita da ƙarfi.

"Allah sarki," in ji Gwaggo. "Kunyar suruki yake ji tun yanzu."

Da rana, in gidan ya yi shiru, Auta kan ɓuya a bayan tankin ruwa ta kira Injiniya.

"Ban goge ba," ya ce. "Amma ni na bar ƙofar. In aka goge abu daga wata kwamfutar ta cikin waya, ba ya faɗawa kwandon shara, tafiya yake. Na san haka tun ranar farko. Na sani, na ce gobe."

"Ni na ce kada ka gama."

"Ke ba sana'arki ba ce. Ni tawa ce."

"To yanzu ya za mu yi?"

"Ki samo mini yamma ɗaya da ita. Ba na ce duka zai dawo ba, amma da yawa zai dawo. Ki dai tsare ta, rabin raina. Kada kowa ya taɓa."

Ta samu Yaya a falo yana cin abinci. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama.

"Yaya, don girman Allah. Yamma ɗaya. Ka tsaya a kansa in kana so."

"Wanda ya karya ƙafa shi za a kira ɗori?"

"Ya ce yana nan a ciki, in ba a..."

"Ya ce, ya ce. Ke har yanzu abin da ya ce kike ji?" Ya ajiye cokali. Idanunsa sun kumbura, ta gane shi ma ba ya barci. "Uwata ce ni ma, Auta. Akwai wanda ta yi da sunana a ciki, ban taɓa iya saurara ba. Ina cewa sai na shirya."



Manaja, da ke kujerar gefe, ya gyara zama. "Akwai ƙwararru a wurin aikinmu, masu takardar shaida, ba 'yan ja-waya ba. A ba ni ita in kai musu."

"A'a," in ji Auta. "Ba za ta fita daga ɗakin nan ba. Baba ya ce inda ta bar ta."

"Ƙanwata," ya yi murmushi, "taimako nake son yi."

"Ni ba ƙanwarka ba ce."

"Auta!" in ji Gwaggo.

Ta tsare ɗakin iya ƙarfinta. Ta daina fita ko'ina, ta mayar da aikinta kan matakala, tana zaune da baƙar kwamfutarta a cinya kamar mai gadi. Amma ranar gashin ƙashin Baba ta zo, kuma ita kaɗai ta iya ɗaga shi ba tare da ya ji ciwo ba. Ta taɓa mabuɗin a wuyanta, ta shiga mota da shi.

Da suka dawo, ƙofar ɗakin sama a buɗe take, an kwance makullin da sukurorinsa. A kan teburin babu komai sai shatin inda kwamfutar ta zauna shekaru, wuri mai tsabta a tsakiyar ƙura. Shuɗiyar wayar na reto a gefe.

Ta zauna a kujerar Umma.

Ko kuka bai zo ba.

Aka dawo da ita bayan 'yan kwanaki, an goge ta tana sheƙi. Manaja ya kunna ta da kansa, ta tashi nan take, da sabon tsari irin na farar.

"Kin gani? Yanzu duk yare ɗaya suke ji. Faifan cikinta ne ya ruɓe, ba a samu komai ba. Sun sa sabo."

"Tsohon fa?"

"Me za a yi da shi? An zubar."

"A ina?"

"An kwashe shara tuni, ƙanwata."

A bayan tankin ruwa ta gaya wa Injiniya.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan."

"Babu wata dabara? Kai fa ka ce kowace na'ura..."

"Babu."

Ta ji yana jan numfashi.

"Ba zan ƙara kiranki ba," ya ce. "Ba don na daina ba. Da wane ido zan kalli mahaifinki? Na raba shi da matarsa karo na biyu, saboda ina son shan shayi da 'yarsa."

"Ni kuma fa? Ni ka bar ni da wa?"

"Ki yafe mini..."

Layin ya mutu.

Kwanakin da suka biyo baya, Auta ta yi su ne kamar mai tafiya cikin ruwa. Ta juya Baba, ta shafa masa mai, ta ba shi abinci yana kawar da kai. Ya rame. Ya daina dukan katifa, ya daina nuna tebur, sai kallon silin. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, hankalinsa ya kwanta. Ta kuma fara zancen cewa mutanen gidan su Manaja na son zuwa, kuma yarinya mai hankali ba ta barin inuwa ta koma rana.

Auta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ba ta ga amfanin ko ɗaya ba.

Wata safiya tana goge masa fuska da tawul, ta ga yadda yake bin ta da ido, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya san amsa ya ƙi faɗa. Ta durƙusa ta kifa kai a gefen gadon.

"Baba, ƙarya muke maka. Ba gyara ake ba. Muryar Umma ta tafi, duka. Kuma da hannuna a ciki. Ni na riƙe shi da hira, ni na hana shi kullewa..."

Hannun hagu ya sauka a kanta. Bai shafa ba. Ya ɗago, ya nuna teburin, ya sake nunawa, ya daki katifa da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba.

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Tun ranar da abin ya faru, kowa a gidan ya faɗi ra'ayinsa, har mai kawo 'ya'yan itace. Mutum ɗaya ne ba a tambaya ba, kuma shi kaɗai ne yake ɗakin. Sun ɗauke masa baki sun sa a kabad, suna cewa tausayi ne.

Ta shiga ɗakin Gwaggo ba sallama, ta ciro farar daga ƙarƙashin zannuwa. Gwaggo ta biyo ta tana salati, hayaniyar ta fito da Yaya.

Yatsan ya daɗe yana neman kowane harafi. Ba wanda ya yi motsi.

"Mai turare," ya rubuta.

"Wa?" in ji Gwaggo, alhali ta gane.

"A gabana. Ya ce ta cika. Zai rage mini."

Yaya ya matso.

"Na yi ihu."

Yatsan ya tsaya, ya ci gaba.

"Ya ce sannu Baba."

Auta ta toshe bakinta da tawul ɗin.

"Ya hau sama. Ya sauko da gumi. Ya fita."

Yaya ya ciro wayarsa ya fita baranda ya kira Manaja. Suna jin muryarsa, ba ta tashi ba ko sau ɗaya. Da ya dawo fuskarsa ta sauya.

"Wai ya ɗauka kwafi ne a kan wannan. Wai bai san yana taɓa na sama ba. Na ce to faifan fa? Ya kashe waya."

Ya zauna a bakin gadon, ya riƙe kansa da hannu biyu. "Ni na kwance ƙofar. Da hannuna."

Ba wanda ya lallashe shi. Kuskuren farko kowa na iya yinsa. Abin da ya biyo baya ne ba kuskure ba.

"Baba," in ji Auta, "amma da an kulle tun farko, da bai iya ba. Laifinmu na nan."

"Na sani," ya rubuta. "Ina jin ku. Bene ba ya ɓoye dariya."

Ta sunkuyar da kai.

"Kullum gobe. Sakarkaru biyu."

Sannan: "Kira shi ya ƙarasa aikinsa."

"Babu abin da ya rage da za a ƙarasa, Baba."

Ya ja yatsan a hankali zuwa kusurwar allon, ya tsayar da shi a kan wani ɗan abu da aka sa wa suna "gwaji". Ɗan guntun ranar farko. Yana kan farar, ba ta waya yake zuwa ba, don haka gogewar ba ta same shi ba. Duk kwanakin nan da yake nuna tebur, har da shi yake nema.

Injiniya bai ɗauki kiranta ba. Yaya ne ya karɓi wayar, ya kira da tasa, ya ce, "Baba na nemanka," ya kashe kafin a amsa.

Ya zo da yamma, ya faɗa sosai. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya kasa shiga, sai da Baba ya daki katifa. Ya durƙusa.

"Baba, ba ni da bakin..."

Yatsan ya riga shi: "Aiki."

Ya buɗe jaka. Wannan karon faifan ne ya fara fitowa. Ya kwafe ɗan guntun a kai, ya miƙa wa Yaya. Ya mayar da shuɗiyar wayar, ya haɗa kwamfutocin uku, ya sa kwafi a kowacce, ya kulle kowane yadda ba mai iya gogewa. Ya gwada gogewa da kansa a gabansu, ta ƙi. Aikin da ya ci makonni ana ɗagawa, ga shi ya ƙare shayin da Auta ta ajiye masa bai huce ba. Bai sha ba. Bai kalle ta ba.

"Na gama," ya ce.

Auta ta jingina da bango. An gama ɗin ke nan. Babu sauran waya da za a ja, babu dalilin ƙwanƙwasa ƙofa.

Yana zuge jakar, Yaya ya fita ya dawo, ya miƙa masa wani ƙaramin sukundireba mai jan kai.

"A bayan tukunyar fure na tsince shi," ya ce, yana kallon wani wuri. "Tun ranar."

Injiniya ya karɓa da hannu biyu.

Ƙarar madanni ta sa duka suka juya.

"Saura."

"Saura me, Baba? Na duba komai."

"Gobe."

Yatsan ya huta, ya ci gaba.

"Ka zo da babanka mai agogo. Kada ka ce jibi."

Injiniya ya karanta, ya sake karantawa. Sai yanzu ya ɗago ya dubi Auta, idanunsa cike. Ita kuwa ta zame ta zauna a ƙasa.

"Haba Yaya," in ji Gwaggo, tana duban Baba, "a yi tunani dai. Mutanen da suka ce ƙwarya ta bi ƙwarya ba wawaye ba ne."

Baba ya juyo da allon wajenta.

"Taki ƙwaryar tana ina?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce bari ta duba wuta a kicin. Amma ba ta wuce bakin ƙofa ba, domin yatsan ya riga ya sauka a kan ɗan guntun.

Aka ji ƙarar jan kujera. Sannan muryar, kusa, kamar tana bayan labule.

"Ya fara ɗauka? To ni me zan ce? Kai ma dai, Malam, da neman magana..." Dariya. "Tsaya, na bar tukunya a wuta. Kada ka kashe. Yanzu zan dawo in ƙarasa."

Takun silifa. Ƙarar ƙofa. Sai shiru mai ɗan tsawo, na ɗakin da ake jiran mutum, sannan sautin ya ƙare.

Yaya ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Auta ta lalubi hannun rigar Injiniya ta riƙe gam, a gaban kowa, ba ta saki ba.

Baba ya ɗaga yatsansa, ya sake dannawa.